Yadda Iya Ta Buɗe Mini Murya

Gaisuwa mai yawa, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Saratu daga Sabon Gari.

Fasto ya ce ni zan karanta Zabura ran Lahadi, ni kuwa ko gaisuwa ciki-ciki nake yi. Na roƙi Ubangiji a ba wata. Washegari maƙwabciyarmu Iya, mai sayar da atamfa a Fagge, ta kawo wasiƙar ɗanta in karanta mata. Ba ta ji sosai. Ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan! Da sauro kike magana?" Sau huɗu na maimaita.

Ran Lahadi na karanta kamar Iya ce a gabana, har na bencin baya suka ji. Malam, ashe haka Allah yake amsa addu'a? A gaishe mini da Iya, amma da ƙarfi.