Tafin Hannun Ni'ima

A shekarar da soja suka miƙa mulki, Hajja na zaune a bencin wani ƙaramin asibiti a Fagge, ta damƙe hannun 'yarta Ni'ima. Wata 'yar Ibo ta matso kusa.

"Hajiya, me ya same ta?"

"Ciwon shawara nake tsoro, Madam. Dubi tafin hannunta, ya koma ruwan ɗorawa."

"Me take ci?"

"Karas. Dundumi ya kama ta, likita ya ce akwai sinadarin gyara ido a cikinsa. Wata biyu ke nan ina ɗura mata safe da yamma."

Matar ta ɗaga haɓar yarinyar, ta gwale mata ido.

"Fari tas. Sinadarin nan shi ke ba karas launinsa, in ya yi yawa sai ya fito a fata. Shawara a ido take nunawa. Amma ki jira likita."

"Ke nas ce?"

"Atamfa nake sayarwa a Sabon Gari." Ta saki haɓar yarinyar. "Adaugo, 'yata, idonta ne ya yi ɗorawa. Na ce ai manjan da take ci ne."

Hajja ba ta tambayi inda Adaugo take ba. Ta dai ƙara damƙe hannun Ni'ima.