Hannun Inna Hassu

Salamu alaikum, mai gabatarwa da masu sauraro. Yau Laraba, tari ya lafa, amma ƙafafuna sun ƙi. Malam Idi ne daga Tajaye.

Matata Hassu, mai yi wa masu ciki tausar baya da ƙugu, ta rasu bara. Makon jiya wata baƙuwa mai tsohon ciki ta kawo mini nono, ta ce, "Baba, a gode wa Inna Hassu. Shekaranjiya ta ɗaure mini ƙugu da zane ta matsa, ciwon ya tafi. Sai dai hannunta sanyi ƙalau."

Haka Hassu ke yi. Jama'a, in gaya mata Hassu ta rasu, ko tsoro zai taɓa cikin?

Ta ce yau za su zo tare, ita da Inna Hassu. Na shimfiɗa tabarma biyu, har la'asar ba wanda ya yi sallama.