Matakala Mai Gajeren Taku

A tashar gindin dutse, maginin da aka sallama daga aikin matakalar hawa dutsen yana zaune da jakar kayan aikinsa, yana jiran mota ta cika. Wata dattijuwa ta zauna gefensa tana haki.

"Sannu Inna. Ta sabuwar matakalar kika sauko?"

"Ta ita, ɗan nan."

"Cewa ake wanda ya gina ta bai san aiki ba. Ya yi takun gajeru kamar don kaji. Masu yawon buɗe ido suka yi ƙorafi, aka kore shi."

"Su da ke zuwa ɗaukar hoto su wuce? Ka ga tsohon can mai sanda? Maigidana ne. Tun da ƙafarsa ta shanye, goyo ƙanensa ke yi masa zuwa asibiti, yana rufe fuska don kunya. Yau da ƙafarsa ya sauko."

Magini ya sunkuyar da kai. Magana ta suɓuce daga bakinsa.

"Da takun mahaifiyata na auna ta."

Ta dubi hannuwansa da siminti ya cinye, ta ɗaga murya.

"Malam, taso. Ga wanda kake ta sa wa albarka tun daga sama."

Tsohon ya miƙe ya nufo shi a hankali, ba wanda ya riƙe shi.