Daddawar Saji Ta Koma Ta Kibiya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Ladi mai daddawa daga Saji, ƙasar Rano.

Tun farkon zuwan Turawa fatake ke ɗora daddawar kakata a jaki su kai Kano, ana kiranta daddawar Saji. Ni na gaji sana'ar. Ƙawata Talatu a tsakar gidanmu ta koya, kafin aure ya kai ta Kibiya.

Watan jiya na je biki Kano, mata suna ta yaba miya. Uwar amarya ta ce, "Ai daddawar Kibiya ce, ta Hajiya Talatu, har da sunan garin a jikin leda."

Na ce, "Ta Saji fa?"

Ta ce, "Ina ne kuma Saji?"

Wallahi nan take na tsame hannuna daga kwanon. Har yau na kasa taya Talatu murna.

Don Allah masu sauraro, akwai hukumar da ke buga wa abinci hatimin garinsa na asali? Ina gaida matan Saji. Talatu kuma, idan tana ji, ta gaya wa Kanawa inda ta koya.