Ledar Alhaji Bahago da Tumbin Tunkiyata

Assalamu alaikum.

Shugaban taro Malam Adamu, mai girma Mai Unguwa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, jama'ar Ƙofar Kuyambana baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta. Sunana Binta. Na gode da kuka ba yarinya dama. In muryata ta yi rawa ku yi haƙuri, ban saba magana gaban manya ba.

Kun ji Baba Alhaji Bahago yana roƙon a bar shi ya riƙa zubar da ragowar ledar injinsa a gindin ganuwa, inda dabbobinmu ke kiwo. Ya ce tasa ledar ta zamani ce, wai ya cakuɗa robar da garin rogo, ya ɗiga wani mai don kada ta daskare da tauri, saboda haka ƙasa za ta cinye ta kamar ganye.

Na farko, ƙasa ba ta ci ba. Wadda iska ta kai bayan gidanmu, damina ta zo ta wuce a kanta, tana nan.

Na biyu, an sami wadda ta ci: tunkiyata, wadda kakata ta ba ni da na gama firamare. Ta ji ƙanshin rogo, ta ɗauka dusa ce. Ta ci, ta ƙara ci, ta daina tuƙa, ta rame, aka sa mata wuƙa. Malam Zailani mahauci ya farke tumbin, ya ce da ni, "Binta, rogon ya narke, robar ta ce ba da ita ba." Ta dunƙule, ta ƙanƙare kamar dutse.

Da na kai wa Baba Alhaji, sai ya ce wai haɗin bai gama aikinsa ba, da an ƙara haƙuri. Ashe tunkiyar ce ta yi gaggawar mutuwa.

Iyayena, in an zuba sukari a yashi, tururuwa za ta kwashe sukarin, yashi yana nan yashinsa. Haɗin ke nan da ake yi mana taro a kansa.

Tunkiyar ta bar mini 'ya ɗaya, a gindin ganuwar nan take kiwo. Saboda ita na tashi. Gani ya kori ji: ga dunƙulen na ɗora bisa tebur. A ajiye shi a zauren Mai Unguwa. Ranar da ya ruɓe, a ba Baba Alhaji filin.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya tsare mana dabbobinmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.