Ɗan Farina Ya Daina Magana

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya. Ni ce Maman Hanifa daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Ɗan farina shekararsa goma sha shida. Kin san kunyar ɗan fari a wurinmu: tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, "kai" nake ce masa, hira kuwa sai da kakarsa. To, kakar ta rasu bara, daga nan yaro ya canza. Ya bar zuwa ƙwallo, abinci sai ya tsakura ya ture, ya wuni a ɗaki yana kallon bango. Babansa ya ce iskanci ne, ya zane shi, abin ya ƙaru.

Maƙwabciyata Madam Ngozi nas ce. Ta ce ciwon damuwa ne, yana da magani, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Babansa ya ce ba mai mayar masa da ɗa mahaukaci a unguwa. Sai ta ce min, "Ko ke ki zauna ki tambaye shi abin da ke damunsa."

Jiya na shiga ɗakinsa da niyyar in tambaye shi. Na ce, "Kai, ga tuwo nan." Ya ɗago ya ce, "Umma, abin da ya kawo ki kenan?" Na juya na fito.

Jama'a, ku taimake ni. Ta yaya zan shawo kan babansa? Kuma uwar da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, da wace kalma za ta fara?