Kuɗin Wucewa ta Sama

Bayan La'asar, a rumfar mai shayi a unguwar Misfala ta Makka, tsoho Lurwanu maɗinki ya ji wani baƙon direba yana hira da Hausa, sai ya matso da kofinsa.

"Ɗana, me ka ce ana biya a Jidda?"

"Kuɗin sama, Baba. Wani attajiri nake ɗaukowa daga filin jirgi. Yana da ɗan jirginsa, shi ke tuƙa abinsa. Duk ƙasar da ya bi ta samanta sai ya biya."

"Ko bai sauka ba?"

"Ko bai sauka ba. An yanka sama hanya-hanya, kowace da mai tsaronta."

"Ikon Allah. Shekara bakwai muka yi a ƙafa daga Katagum. Kowane kogi mun biya kuɗin fito, amma in na ɗaga kai sai in ce ga inda ba shinge."

"Yanzu tafiyar wuni guda ce."

Lurwanu ya bi tattabarun Harami da kallo har suka ɓace.

"Daga can ana ganin ƙasa? Ana gane itace?"

"In ya yi ƙasa-ƙasa, ya ce har awaki yana gani."

"Akwai wata aduwa yamma da Alfashir, a ƙasar Sudan. A gindinta na binne matata Ummulkhairi, na kife mata rabin tulu don shaida. Ban sake komawa ba."

Direban ya ajiye kofinsa.

"Ka tambayo mini shi," in ji tsohon. "Ba sauka zan yi ba. Nawa suke karɓa in mutum zai wuce a hankali?"